Ƙuri'ar da Ban Jefa Ba

Ɗorawar Malam, ta Ɗambatta
Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiya. Baba Dabo ma ƙafarsa ta yi sauƙi, ya ce a gaida ɗansa mai tsadar gani.

Ka ce in fita harkar zaɓen nan, wai ba abin da ƙuri'ata za ta sauya. Daga nesa ai komai da sauƙin faɗa. Ni ce na riƙe Rahmatu bara a bakin kwalbatin da ruwa ya cinye, motar asibiti tana tsallake muna kallonta, har jikin yarinyar ya yi sanyi a cinyata. Kansilanmu ya zo sadakar uku, ya rantse zai gyara. Har yau ramin yana nan, shi kuma yana neman a maimaita masa.

Ban san ko abokin takararsa mutumin kirki ne ba. Amma ranar Asabar zan dangwala wa wani ba shi ba. Ko tawa ce kaɗai, a ƙirga ta, a san akwai wadda ba ta manta ba.

Abu ɗaya ke damuna. Ka san Baba ke ajiye katin zaɓen kowa na gidan nan a akwatinsa na ƙarfe, tare da takardun gona, wai mu mata za mu bar wa yara su yi wasa da shi. Jiya na durƙusa na roƙi nawa, ya ce sai ranar.

Ka yi mana addu'a. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Taka,
Tahira

Ɗorawar Malam
Ranar Laraba

Zuwa ga Baban Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri, ina fata tarin nan ya sake ka. Mu jikinmu lafiya, zuciya ce dai ba daɗi.

Ranar Asabar da hantsi na shirya na je wajen Baba. Nan ya gaya mini katin ba ya hannunsa. Ashe tun makon jiya Ɗan Iya, na hannun daman kansila, ya bi gida-gida yana karɓar kati, wai za a rubuta sunayen masu samun taki. Baba ya zazzage akwatin ya ba shi goma sha ɗaya cif, har da naka, har da na marigayiya Inna Hure.

Duk da haka na tafi firamare inda rumfar zaɓenmu take, ko za a duba sunana a ƙyale ni. Mun kai mu talatin a gindin darbejiya. Muka zauna har azahar, har la'asar, ba akwati, ba malaman zaɓe. Muna shirin tashi sai wani tsoho ya ƙure rediyonsa. Aka ce an kammala a mazaɓarmu lami lafiya, rumfarmu ƙuri'a ɗari huɗu da shida, duka na kansila. Mai maganar har yana yabon yadda talakawa suka zaɓi son ransu. Kowa ya kakkaɓe zanensa ya kama hanya.

Na so in ji haushin Baba, na kasa. Gonar nan ta gaji, kai ma ka sani, in ba taki ba gero. Tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba.

Jiya Ɗan Iya ya dawo da katinan da rabin buhun taki. Baba ya aiko mini da nawa, ya ce in riƙe abina daga yau. Na sa shi cikin kayan Rahmatu.

To ka ji, kai ma ka yi zaɓe daga Fatakwal, Inna Hure ta yi daga kabarinta. Ni ma a rubuce yake na zaɓe shi, Baban Rahmatu, ni uwarta. Idan damina ta sauka takin nan za a zuba a gonar da za mu ci, ban san yadda zan haɗiye tuwon ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Tahira