Minti Uku Ba Su Isa Gaisuwa Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin gina wa manoman albasa rumbuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da Danchadi. Ina nan Abidjan ina tallar albasar da wasu suka noma, gwiwa ta fara ciwo, halin komawa bai samu ba. Da kuka kira taro ta intanet, manoman Bodinga da Shagari suka ce ni zan yi magana a madadinsu, don wayata ta fi tasu samun sabis. Ƙauyuka biyar suka ɗora mini. Buƙatarsu guda ce: a sa su cikin waɗanda za a gina wa rumbu mai shan iska, don duk shekara albasarmu ruɓewa take yi kafin ta yi daraja.

Na ɗaya, in fara da laifina. An ba kowa minti uku. Da aka buɗe mini baki, sai ga fuskar Kawu Shehu, shugaban manomanmu, a gefen waya, ashe shi ma ya samu ya shiga taron, ya zauna gindin mangwaron fadama, gemu ya yi fari fat. Ban san ya tsufa haka ba. Wallahi sai na manta da takardar da ke hannuna. Na gaishe shi, na tambayi gida, da gajiya, da ruwan rijiya, da jikin Inna. Shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da "Yaya baƙunci?" Tafinta tana ta faman juya gaisuwarmu zuwa Faransanci da Turanci. Ina cewa "To, maganar rumbu", aka kashe mini murya. Ko sunan ƙauye ɗaya ban ambata ba.

Na biyu, kukana. Ranka ya daɗe, ba wanda ya gaya mana cewa agogo na tafiya tun daga sallama. Ba wanda ya ce a aiko wa tafinta bayani kafin taro. Takardar gayyata ma da Turanci ta zo. Sannan mai magana da Turanci, maganarsa kai tsaye take shiga kunnenku. Tawa sai ta bi ta bakin wani, amma da mudu ɗaya kuka auna mana lokaci. Kwana biyu ban iya kiran gida ba don kunya. Da na kira, Kawu cewa ya yi, "Kai dai ka gaisa, mu kau munka sha rana." Ya yi dariya, amma ni ban ji daɗinta ba.

Na uku, godiya, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tafintarku, Malama Hadiza, ita ta shaida muku cewa mutumin nan bai kai ga buƙatarsa ba. Kai kuma ba ka ce ya ja wa kansa ba, ka ba ni minti biyu a zama na gaba. Ba dole ba ne a kanka. Allah Ya saka da alheri. Bayan haka ta kira ni, ta koya mini abin da ban sani ba duk da furfurata: in aiko mata sunayen ƙauyukan tun da wuri, in sa abin sauraro a kunne, in bar hayaniyar kasuwa, in faɗi magana guda in ja numfashi har ta kamo ni, in ajiye karin magana sai an haɗu. Ta ce buƙata a gaba, bayani a baya. Ranar zama na biyu tun da hantsi na kira Kawu muka gaisa son ranmu, na kulle kaina cikin shagon wani maƙwabci, na faɗi abin da ya kawo ni har da saura a agogo. Sai dai kafin nan jerin waɗanda za a gina wa rumbu ya kusa cika.

Roƙona kaɗan ne. A rubuta ƙa'idojin taro da Hausa a aiko kafin ranar. A ƙara wa mai magana ta bakin tafinta lokaci. A buɗe taro da wuri ko da minti goma, mutane su gaisa kafin a kunna agogo. Mu dai ba za mu daina gaisuwa ba. Kuma in an sake buɗe jerin, a tuna da waɗanda bakina ya jawo wa asara, don su ba su yi laifin komai ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya albarkaci zuri'arka, Ya ba Malama Hadiza ladan haƙurinta.

Ga abin da na iya tsirarwa: cikin ƙauyuka biyar, uku sun shiga. Biyu, ɗaya a Kajiji ɗaya a Dandin Mahe, bana ma a ƙasa za su zube albasarsu.

Wassalam.

Naka,
Umaru Mai Albasa, ɗan Danchadi