Mushe Ya Kwashe Mini Kura

Malam mai ba da shawara, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman agajinka. Abin da ke cina ba irin wanda ake kai wa liman ba ne, in kuwa na kai wa tsarana sai su yi ta dariya har rawunansu su kwance.

Bara waccan, ran kasuwar Dogo-Dogo, Illo mai jakai ya ce mini wai a lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, tatsuniya ake yi da rana tsaka. Na ce ƙarya ce. Illo mutum ne wanda in ya ce maka hadari ya taso, to, ka shanya gyaɗarka. Kuma wa bai san mai tatsuniya da rana ɓata yake yi ran Salla ba? Na ce ko da makarantar ta Nasara ce, ai malamin, Mushe Modu, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, Babarbare ne daga wajen Gure, uwa ce ta haife shi, ya san wannan.

Bari in gaya maka ko ni wane ne. Ba ni da sarauta, gonata ba ta fi ta kowa ba. Abin da Allah ya ba ni baki ne. Na sani tatsuniya aikin tsofaffin mata ce, an sha yi mini gori a kai, amma kakata ba ta samu jika mace ba, sai ta juye mini duk abin da ke cikinta. Tun gemuna yana baƙi, in an gama cin tuwo, ƙofar gidana yaran unguwa suke taruwa. Waɗanda na fara yi wa, yau 'ya'yansu ne ke zama a tabarmar.

Da kumandan, Baturen mulki, ya nemi yaran makaranta daga wurin sarki, aka faɗo kan jikana Tamu. Ban yi gardama ba. Na ga dai da sassafe ana buga wani ƙarfe, su jeru, a duba farcensu kamar za a saye su, su share fili, su ba lambun makaranta ruwa, sannan su shiga su yi ta ƙirga karare. Na ce wannan ai ba ya tsone mini ido. Ran nan Tamu ya komo da ƙashin jaki rataye a wuya, wai hukuncin wanda Hausa ta kuɓuce wa a aji ke nan. Na yi faɗa a baki, amma Allah ya sani a ciki daɗi na ji. Wurin da aka hana Hausa, da me zai yi takara da ni?

Ashe ran Asabar, kafin a tashi, Mushe yakan rataye ƙashin nan a ƙusa, ya ce wa ke da tatsuniya. Tamu ya miƙe ya zazzage musu tawa, ta kurar da ta je wurin wanzami a yi mata ƙaho. Ba ta kowa ba ce a ƙasar nan, Malam, daga bakin kakata ta fito. Suka bi ta gaɓa gaɓa suna juya ta da Faransanci, ya rubuta a baƙin allo, suka kwafa. An ce shi da kansa yake cire takalmi ya yi tafiyar kura tsakanin bencina, yana jan ƙugu. Yanzu har sun fafe ƙwarya sun yi mata kunnuwa, za su yi wasanta gaban kumandan ran rufe makaranta. Tamu ne wanzamin.

Duk wannan da sauƙi. Kwanan baya yaran suka zo, ba su kai rabin na da ba, na ɗauko musu kurar. Na kawo inda ta faɗa rijiya, sai wata 'yar ficiciya mai wawulo ta ce ba haka ba ne, Kaka, ai Mushe ya ce tuba ta yi, ta yi wanka da sabulu. Kura da sabulu! Na dubi Tamu ko zai tsaya mini, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. A unguwa yanzu kurar Mushe ake ce mata.

Da mutumin mara kunya ne da na huta. To, in ya gan ni sai ya sauka daga keke ya durƙusa, Baba kaza, Baba kaza. Har goro ya aiko mini ta hannun Tamu, wai in zo wata Asabar in yi wa yara. Ni, da rana? Goron na ci, amsa dai ban bayar ba.

Ga abin da na ƙulla. Ina da ɗiya da ke aure a Babura, ƙasar Ingilishi. Da an kai gero rumbu zan ɗora Tamu a jaki in kai mata shi, kafin ran wasan nan. Ubansa ɗana ne, ba zai musa mini ba. Sai dai in na ga yaron yana bitar maganar wanzami a bayan danga, yana wasa aska a tafin hannu kamar yadda nake kwatantawa, sai in ɗaga tafiyar.

Mutane da yawa sun ce mini Mushe ya fi ni iya kurar, duk na ɗauke su 'yan uwan Illo. Amma shekaranjiya matata Hajja, wadda ke kai dafaffiyar gyaɗa ƙofar lakwal lokacin shan iska, ta shigo da faranti a ka tana jan ƙugu, tana dariya har da hawaye. Leƙawa ta yi ta taga. Ko kalma guda ta Faransanci ba ta ji, Malam, kuma tun aurenmu ban taɓa kai rabin tatsuniya ba tare da ta yi barci ba. Ita ce ta ƙarshe da ta gaya mini Mushe ya fi ni, ita kam ban iya ƙaryata ta ba.

Tsoho mai tabarma, ƙasar Waca

*

Baba mai tabarma, na amsa gaisuwarka.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Ya kamata Mushe ya tambayi Tamu inda ya samo tatsuniyar, ya gaya wa yara sunan mai ita. Kuma bai kyauta ba da ya sauya ƙarshenta bai shawarce ka ba. Amma ka duba nasa ɓangaren. Malamin da doka ta ce ya hana Hausa, ya nemo mata kafa ran Asabar, ba abokin gābarka ba ne. Tamu ma ba sace ka ya yi ba. An ce wa ke da abin kirki, ya miƙe da naka.

Maganar Babura ka ajiye ta. Yaron da sunansa ke wurin kumandan, in ya ɓace, gardi, 'yan sandansa, ne za su zo, ɗanka za su tasa gaba, ba kai ba. Ko ba haka ba, duk jikan da aka raba da wasan da ya yi ta bita a bayan danga, zai girma yana tuna wanda ya raba shi, ba zai sake zama a tabarmarka da daɗin rai ba.

Ba na ce ka yi tatsuniya da rana ba. Ran Alhamis ba a zuwa lakwal, saboda haka ka aika wa Mushe ya zo da yaransa ran Laraba bayan magariba, ya zauna a ƙasa tare da su. Ka yi musu kurar yadda kakarka ta bar maka, da rijiyarta. In kun gama, ka gaya masa a gaban yara abu biyu: ran wasa a ambaci gidan da ta fito, kuma a fid da sabulun nan. Mutumin da ke sauka daga keke dominka ba zai ƙi ba.

Amma fa ka shirya, mai yiwuwa ne ya fi ka iya tafiyar kura. Ƙugunsa sabo ne. Ka bar masa tafiyar, ka riƙe bakin, tun da har yanzu guda ɗaya tak ya samu cikin rumbunka.

Hajja kuwa kada ka riƙe ta a zuciya. Mace mai tashi da asuba ta dafa gyaɗa, in ta yi barci da dare, ba tatsuniya ta raina ba. Ka shimfiɗa mata tabarma a gaba ran Laraba, ka fara da wuri.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya Tamu, ya nuna maka ranar da zai yi wa nasa jikokin, ya ce daga bakin kakansa ya ji.