Albasar Fure Cikin Jan Kaki

Groningen, farkon Disamba

Yaya Geertje,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Bana ma ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, aiki ya sha mini kai. Ga albasar furen amarilis na aiko masa, irin wadda ake tsomawa cikin jan kaki irin na kyandir. Ba ta son ruwa, ba ta son ƙasa, ajiyewa kawai za ku yi a taga ta yi fure.

Ƙaninki,
Sjoerd

Naaldwijk

Sjoerd,

Muna lafiya, in lafiyar ce wannan. Kai, ba ka da kunya! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman furen nan a rumfar gilashin da ka matsa aka sayar, shi za ka aiko wa wadda aka datse wa saiwa?

Mantuwarsa ta ƙaru, jiya cokali ma ya rasa sunansa. Amma yana ɗaukar albasar nan ya juya gindinta ya ce, "Wane mugu ne ya yi mata haka?" Ya fito da wuƙarsa ya ɓare kakin tas, ya dasa ta a tukunya. Na ce, "Baba, mai yanka a gindi ruɓewa take in ta sha ruwa." Ya ce in bar masa, Sjoerd na zuwa, shi ke da hannun tayar da saiwa. Kullum yana shayar da ita yana leƙen titi.

Ka zo tun sunanka na bakinsa. Na gaji, wallahi.

Yayarka,
Geertje

Groningen

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba aiki ba ne. Tun ranar da aka rushe rumfar ban iya haɗa ido da shi. Ki ba ni zuwa bayan sabuwar shekara in tattaro ƙarfin hali. Ki ce masa ya rage ruwan.

Naki,
Sjoerd

Naaldwijk, Janairu

Ƙanena,

Barka da sabuwar shekara. Albasar ta ruɓe har ɗakin ya ɗau wari, na zubar. Na yi ta fargabar abin da zai ce, bai ko kula ba. Na ce masa, "Sjoerd na tafe." Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ɗan wa ne?"

Na yi kuka a kicin har miya ta ƙone.

Ka zo duk da haka, yana son baƙi. In ka shigo, ka gaya masa sunanka a hankali.

Ka huta lafiya,
Geertje