Motarka Ta Sha Ruwa

Baban Hajara, don Allah aje komi ka saurare ni yanzu. Ina gajiya, ya iyali, ya yara?

Ƙaninka Sani ya shiga ruwa da motarka a hanyar Zurmi. Ta mutu, shi ko yai ta murza makulli. Makanike ya zo daga Ƙaura, ya kwance fulogi, sai ga ruwa. Yac ce murzawar ta lanƙwasa ƙarhen inji, amma tana gyaruwa.

Ni ba motar ad damuwata ba. Sani ya rantse ba ya dawowa gida sai ta tashi, yana can bakin hanya, kuma ka san hanyar nan.

Ku sa mu addu'a, ka gaida mutanen gida. Kahin kowa, Sani za ka kira, ka ce mai ka yahe.