Motar Marigayi Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma tun rasuwar maigidan.

Na samu saƙon Kawu, wai motar tsere 'yar Japan da marigayi ya bari ba ta dace da mace ba, in sayar. Ka gaya masa cikin ladabi, ba zan sayar ba. Da ita nake zuwa aiki asibiti, da ita nake cefane. Gaskiya tana shan mai, kuma da yake ƙasa-ƙasa take, fitowa daga cikinta sai na dafa ƙugu. Amma shekara shida marigayi yana lulluɓe ta a gareji, wai sai ya yi ritaya zai more ta. Bai kai ba. Ni kam ba zan jira komai ba.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka