Inda Zanen Ya Goge

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkin nan naki mai hana maƙwabta barci.

An sake zura mini bututun kyamarar nan na duba hanji ta ƙasa, kuma kada ki yi dariya. Kyamarar wannan karon tana ƙara wa abu girma. Likita ta fesa wa tsiron da ke hanjina wani shuɗin ruwa, ta juyo mini allon. Ashe cikin hanji ma zane gare shi, ƙananan ramuka jere reras. Ta ce in zanen yana nan, ko da ya ɗan karkace, galibi ciwon a sama yake, sai a kankare shi ta bututun a sallame ni. Nawa kuwa tsakiyarsa ta goge, kamar gwiwar tsohon wando. Alamar ya nutsa cikin nama ke nan. Sai an yanke hanjin, in riƙa ɗaura jakar bahaya a ciki, wataƙila har abada.

Maigidan ya kafe a kankare kawai, wai ina zai kai mace mai jaka. Har ya samo wani likitan da zai gwada. Yaya, tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni na ga inda ya goge da idona, shi ko ɗakin bai shiga ba. Na sa hannu a yi aikin.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa. Ya jikin ƙaramin naki, tarin ya sake shi?

An yi aiki, na tashi. Sun duba abin da suka yanke, ya nutsa kamar yadda likita ta faɗa, har ya taɓa wata ƙaramar kaluluwa a gefe. Da kankarewa aka yi, da saiwar tana cikina ana ta yi mini barka.

Maigidan ya ji bayanin da kunnensa. Kullum yana zuwa da lemo, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon silin. Ban kira shi ba, ya san hanyar kujera.

Jakar ta zauna, ba za a cire ta ba. Na yi kukana na share hawayena. Ki ɗinka mini riga mai aljihu ta ciki, gefen hagu, ƙasa da cibiya kaɗan. Ja nake so, mai ɗaukar ido, kuma kada ki yi mini buhu. Fita zan yi da ita.

Taki har kullum,
Auta