Ƙwaryar da Baba Ya Sha da Asuba

Gyaɗi-Gyaɗi, 4 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Yaya Maje,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan, in ban da Baba. Bayan haka, sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Gwaggo Iyatu ta ce in ban gama ba za ta koma Tarauni ta bar ni, shi ya sa rubutun ya karkace.

An sa ranar Alhamis za a yi wa Baba aikin ƙarin nan na cikinsa. Ya ce wuƙar ba ta dame shi ba, barcin ne. Wai yaya za a kwantar da mutum bai san inda kansa yake ba, in ajali ya zo ko kalmar shahada bai yi ba? Inna ta ce ai kai ne mai sa barcin. Da gaske ne? Ni na ɗauka nas ɗaurin ciwo kawai yake yi.

Na kasa zama wuri ɗaya. Littafin da malamarmu ta ara mini, shafi guda nake ta maimaitawa tun jiya. Yarinyar ciki ta faɗa wa saurayin duk abin da ke ranta a tsaye, ko rawar murya babu. Ni ko mai goro ban iya tambaya.

Ka gaya mini gaskiya, zai farka?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Sa'adiya

Tarauni, 5 ga Yuni

Sa'adiya sarkin kunya,

Na amsa gaisuwa. Ashe bakin yana cikin alƙalami.

I, ni ne. Likita yana yanka, ni ina zaune wajen kai. Ƙyalle nake ɗorawa a hanci bisa 'yar raga, ina ɗiga magani kaɗan-kaɗan, yatsana a jijiyar wuya, idona a ƙirji. Ba na tashi sai mutum ya buɗe ido. Ki ce wa Kawu, babanki, zan bar shi ya yi shahadarsa har ya gamsu kafin in ɗiga komai.

Abu ɗaya. Daga sallar isha'i ta Laraba kada komai ya shiga cikinsa. Mai barcin magani in ya yi amai, ƙirjinsa yake komawa. Mu shida ne masu wannan aiki, muna da 'yar ƙungiya, Sista Yetunde ce shugaba. Bara muka yi alkawari: wanda ya ci ko ya sha, ba mai sa shi barci a cikinmu, sai in jira zai kashe shi.

Ki karanta wa Inna wannan da ƙarfi.

Naki, Maje

Gyaɗi-Gyaɗi, 8 ga Yuni

Yaya Maje,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ban san da wane ido zan dube ka ba.

Na karanta wa Inna, wallahi na karanta. Ta ce abinci kake nufi, rubutu ai ba abinci ba ne. Malam Isyaku ya cika allo, aka wanke. Da asuba ta ga Baba zai yi tafiya da ciki wayam, sai ta dama fura a cikin rubutun. Ni ta miƙa wa ƙwaryar. Na tsaya a bakin turaka ina cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa, har ya shanye ya yi hamdala.

Da ka fito a asibiti ka tambaya, Baba ya ce bai ci komai ba, kuma a ransa gaskiya ya faɗa. Ka juyo ka dube ni. Ban san lokacin da “ya sha” ta fito daga bakina ba. Ina zaune a baranda na ji Baturen likita yana yi maka faɗa. Ban ji Turancin duka ba, amma na ji sunanka sau huɗu.

Baba bai yi mini magana ba tun da muka dawo. Ya ce wa Inna an sa masa rigar asibiti an tuɓe, kamar yaro, a gaban 'yarsa, kuma asibitin da ke ƙyamar ayar Allah ba zai sake taka shi ba. Yau tuwo loma biyu ya ci ya ture. Cikin ya ƙara tasowa, ina ganinsa ta cikin riga.

Da na yi shiru da yanzu an gama? Kuma kai, sun kore ka?

Mai laifi, Sa'adiya

Tarauni, 9 ga Yuni

Sa'adiya,

Gaisuwa. Da kin yi shiru, da wataƙila yau zaman makoki ake a gidanku. Ki daina wannan tunani.

Ba a kore ni ba tukuna. Likita ya aika a kira Jude, ɗan ƙungiyarmu, ya maye gurbina. Jude ya zo, ya ji zance, ya ce shi ma hannunsa ba ya ciki. Aka kira Sista Yetunde, ta tsaya ta yi wa likitan bayani har ya jefar da safar hannu ya fita. Jiya ta koma ta roƙo mana Litinin. Ranar Laraba likitan zai tafi hutu ƙasarsu, wata uku. Kawu ba shi da wata uku.

Na je gidanku da hantsi, ya sa aka ce yana barci. Ke ce a ciki. Ki san yadda za ki yi.

Maje

Gyaɗi-Gyaɗi, 10 ga Yuni

Yaya Maje,

Gaisuwa a gurguje, Gwaggo na tsaye a kaina.

Na je zauren Malam Isyaku ni kaɗai! Sau biyu ina wuce ƙofar kamar an aike ni wani wuri. Na durƙusa, ya ce, “'Yar gidan wa?” sai kuka. Da ƙyar na tambaye shi ko rubutu dole sai an sha. Ya ce, “Wa ya gaya miki? Akwai na shafawa.” Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni har gida.

Ina bayan ƙyaure na ji su. Baba ya ce shi ba za a hana shi ci da umarnin Bature ba. Malam ya ce, “To, ka bar ci don Allah mana. Gobe Litinin. Ka ɗauki azumi, ba sahur.” Can Baba ya ce, “Yarinyar nan ce ta ɗauko ka?” Malam ya ce ita ce. Sai Baba ya ce zai ɗauki azumin.

Na ɓoye furar Inna a gidan maƙwabta. Gobe ba zan iya zuwa ba. Don Allah kada ka ɗauke yatsanka daga wuyansa.

Ƙanwarka, Sa'adiya

Asibiti, Litinin da la'asar

Sa'adiya,

Ya farka. Yana ta tambaya ko an kira magariba. Ya ce kunun buɗa-baki ke za ki dama ki kawo da hannunki, ba Inna ba.

Kada ki kawo sai jibi. Amma ki zo yanzu, yana duban ƙofa.

Maje